Tulu da Munduwa a Dandalin Wasa: Kayan Lugu na 1899 da Masu Sana'ar Arewa

Duk malamin da ya taɓa shirya wasan kwaikwayon ƙarshen shekara a wata makaranta ta ƙasar Arewa, ko a Dogon Dutsi, ko a Matankari, ko a Tibirin Samna, ya san ranar da gardama ke tashi. Labarin da za a nuna ba ya kawo saɓani, domin kusan kullum shi ne dai yaƙin Lugu, inda mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Voulet da Chanoine. Rabon matsayi ma yakan zo da sauƙi, sai dai a sha wuya kafin a sami yaron da zai yarda ya zama Voulet. Gardamar takan jira ranar da aka ce kowa ya kawo kaya. Wannan ta zo da sarƙar uwarta wadda aka sayo a Makka, waccan ta ɗauko awarwaron roba, wani ya aro kuros ɗin Agadas daga wurin ƙanen ubansa, aka kuma tura yara biyu su ɗauko tukunyar dalma daga madafa domin a ajiye ta a gaban bukkar Sarauniya. In an ci sa'a, akwai wata tsohuwa cikin masu kallon gwaji da za ta yi dariya ta ce ita kam ba ta taɓa ganin kakarta da irin waɗannan kaya ba.

Dariyar tsohuwar abin a tsaya a kanta ne. Yaron da ya kalli wasa yakan manta jawabin da aka yi, amma ba ya manta siffar da ya gani, kuma siffar nan ita ce za ta zame masa tarihi. Saboda haka tulun da aka ɗora a dandali da munduwar da aka sa a hannun ƴar wasa magana suke yi game da shekarar 1899, ko ta gaskiya ko ta ƙarya.

Abin da ya faru a Lugu sananne ne. Rundunar Faransa ta bar bakin kogin Kwara a farkon shekarar 1899 ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kwasar hatsi da mutane. Ranar 16 ga Afrilu ta iso Lugu, garin Gubawa da ke cikin ƙaramar hukumar Dankasari a yau. Maharba suka tare ta da kibau masu dafi, sa'an nan suka janye cikin sarƙaƙiyar daji, inda bindiga ba ta da wani amfani sosai. Takardun Faransawan sun ƙirga mutum 4 da aka kashe musu, da 6 da aka raunata, da harsashi wajen 7,000 da suka ƙone. Daga nan rundunar ta wuce ta yi kisan Birnin Ƙwanni a watan Mayu, ta kashe Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinta su juya su kashe shugabannin nasu biyu cikin kwana uku. Hafsoshin da suka rubuta labarin sun ƙirga harsashi ɗaya bayan ɗaya, amma Sarauniya layi kaɗan suka ba ta, suna kiranta tsohuwar matsafiya. Ba su damu da abin da take sawa a wuya ba, balle irin randar da ke ɗakinta. Mangu ba ta bar hoto ba, garin kuma ya sha wuta.

Siffar da yawancin ƴan Nijar ke ɗauke da ita a ka ta zo ne daga baya. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa mai suna Sarraounia da Faransanci, ya ɗauki waɗannan ƴan layuka da abin da ya ji a bakin mutane ya gina jaruma wadda ta iya baka da doki. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Fim ɗin a Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma gine-gine da tufafi da kayan adon da ke ciki an tsara su ne domin idon kyamara. Babu laifi a wannan. Mai fim yana da haƙƙin ya ƙawata abinsa, kuma ba don Mamani da Hondo ba da sunan Lugu bai kai inda ya kai ba. Matsalar ita ce ɗan Arewa, wanda Lugu ke nan kusa da shi, ya koma yana kwaikwayon kwaikwayo, yana aro siffar kakarsa daga wani dandali da aka kafa a wata ƙasa.

Akwai kuma gadon zamanin Samariya. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, kuma daga 1976 aka soma bikin matasa na ƙasa wanda yake zagaya manyan biranen jihohi. Kowane yanki yakan zo da waƙa da rawa da wasan da ke nuna wani abu na tarihinsa, a yi gasa, a ba da kyauta. Wannan biki ya yi wa tarihin gargajiya babban aiki, domin ya sa matasa sun koma wurin tsofaffi suna tambaya. Sai dai gasa tana da nata hali. Abin da zai yi ƙyalli daga nesa a ƙarƙashin fitila shi ke cin maki, ƴan rawa ashirin kuma dole su yi anko. Daga nan aka gaji ɗabi'ar ɗinka wa kowa kaya iri ɗaya, a liƙa wuri a ko'ina, a ce wannan shi ne "kayan gargajiya", kamar dai mutanen da duk tela ɗaya ke yi musu ɗinki.

Alhali kwaikwayon tarihi da kaya ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa, kuma mutanen da ba sa yin sa da ka. A 1925, a Shikal ta ƙasar Kurfai, maƙwabciyar Arewa, aka soma ganin iskokin da ake kira Babule, waɗanda Zabarmawa ke ce wa Hauka. Masu hawansu suna tafiya irin ta soja, suna ba da oda irin ta kwamanda, suna neman hula da bulala da bindigar katako. Abin ya bazu cikin Arewa har ya tayar wa masu mulkin mallaka da hankali suka shiga kame, kamar yadda ɗan tarihi Finn Fuglestad ya bayyana a 1975. Ko mene ne ra'ayin mai karatu game da bori, akwai darasin sana'a a nan: kowane iska yana da launin zanensa da abin hannunsa, kuma ba a musanya su. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi ta fitar da littafinta a 2001, ta nuna yadda masu bori ke kashe dukiya wajen tara waɗannan kaya. A Damagaram kuwa akwai wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon masu mulki da kayan da suka ƙera da karan dawa, kuma daɗin wasan yana ga yadda kwaikwayon ya yi daidai.

A Turai abin ya zama sana'a mai zaman kanta. A 2015, da aka cika shekara 200 da yaƙin Waterloo, dubban mutane sun taru a Beljiyam cikin kayan sojan wancan zamani, kuma a bayansu akwai maƙera da madunka da magina waɗanda abincinsu ke nan, su yi maɓalli ko kofi daidai da na da. A Guédelon ta ƙasar Faransa, tun 1997 ake gina wata fada da dabarun ƙarni na 13, da maƙera da masu yin tukwane a wurin, jama'a na biya suna kallo. Waɗannan mutane gidajen tarihi da zane-zane da takardun gado suke bi, domin sarƙar koyon sana'ar ta tsinke musu tuntuni. A Arewa lamarin a juye yake. Takardu kaɗan ne, amma sarƙar ba ta gama tsinkewa ba: akwai matan da suka koyi ginin tulu a wurin uwayensu, waɗanda su ma suka koya a wurin matan da aka haifa kafin zuwan Nasara.

Sai a dubi aikin maginiya da kyau, domin a nan ne shaida ta fi yawa. Yumɓu daga fadama ko bakin tafki ake haƙo shi, a shanya, a daka, a jiƙa. Shi kaɗai ba ya jure wuta, sai an cuɗa shi da wani abu: garin tsofaffin tukwanen da suka fashe, ko ƙaiƙayi, ko kashin jaki. Ke nan kowane sabon tulu yana ɗauke da ɓurɓushin na gabansa a jikinsa. Wajen gini kuwa, hanyoyi biyu suka fi yawa a kudancin Nijar. Wata maginiya takan kifa tsohuwar tukunya ta lulluɓa mata yumɓu tana bugawa har gindin sabuwar ya fito, in ya sha iska ta cire ta ɗora sauran jiki da wuya. Wata kuwa takan sa curin yumɓu cikin ɗan rami mai faɗi, sau da yawa da tabarma a shimfiɗe, ta riƙa bugun cikinsa da dunƙulen gasasshen yumɓu tana juyawa, har ya zama ƙwallo mai siririn jiki da sawun tabarma a bayansa. Olivier Gosselain, wani masani ɗan Beljiyam da ya zagaya ɗaruruwan ƙauyukan Nijar a shekarun 2000 yana kallon magina, ya nuna cewa ado da launi suna saurin canjawa bisa son kasuwa, amma hanyar fara ginin, wadda hannu ya saba da ita tun ƙuruciya, ita ce ta fi daɗewa, kuma ita ke nuna daga wa aka koya. Wannan magana tana da amfani ƙwarai ga mai shirya wasa. Idan yana son tulun da ya yi kama da na 1899, ba fenti zai tambaya ba. Zai tambayi tsohuwar maginiya yadda uwarta take somawa, da irin bakin da take yi wa randa, da abin da take gogawa a kafaɗar tulu.

Bayan gini sai a shafa jar ƙasa a goge ta da ƴaƴan kuka da aka shirya a zare har ta yi sheƙi, ko a mirgina murɗaɗɗiyar igiya a jikin ɗanyen yumɓu ta bar zane. Gashi a fili ake yinsa, a jera tukwane a lulluɓe da kara da itace da busasshen kashin shanu, a cinna wuta da maraice. Shi ya sa tukunyar gaske ba ta da launi ɗaya. Tana da baƙin tabo inda hayaƙi ya kwanta mata. Masu wasa sukan ƙi irin wannan su zaɓi wadda aka shafe da fentin kanti mai shuɗi da kore, alhali tabon nan shi ne hatiminta.

Kuma ɗakin mace a wancan zamani ba tulu ɗaya ba ne. Akwai randa ta ajiyar ruwa, da tulu na zuwa rijiya, da tukunyar tuwo, da ta miya wadda ta fi ƙanƙanta, da kasko na suya da na turare, da tanda, ga kuma ƙore da akushi da ludayi waɗanda ba na yumɓu ba ne. A garin Azna kamar Lugu akwai manyan tukwanen dafa giya, da waɗanda ake kifewa a wuraren tsafi, abin da wasannin makaranta kan tsallake don kunya, ko da yake tsallakewar ba ta sauya abin da ya gabata. Kwanon samira ya shigo ne da kantunan Turawa, tukunyar dalma, wadda a gaskiya da tarkacen alminiyam ake zuba ta, ta yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu, roba kuma ta zo daga baya ta kori tulu daga hanyar rijiya. Randa ce kawai ta ƙi kauwa, saboda babu robar da ke sanyaya ruwa a watan Afrilu.

Batun kayan ado ya fi wuya, domin ƙarfe mai daraja ba ya tsufa a siffa ɗaya. Hausawa sun raba ƙira biyu: maƙerin baƙi, mai garma da gatari da bakin kibiya, da maƙerin fari, mai azurfa da tagulla da jan ƙarfe. Wurin na biyun ake kai munduwar kaka a narke ta a fitar da zobba da ƴan kunne na yayi, ko a sayar da ita a shekarar yunwa, kuma ƙasar nan ta ga yunwa a 1913 da 1931 da 1973 da 1984. Kowace ɗaya ta ci nata rabon na kayan gado.

Azurfar kanta ba a ƙasar ake haƙo ta ba. Yawancinta kuɗi ne aka narke, musamman liyari mai hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, wanda duk lokacin da aka buga shi shekarar 1780 ake rubutawa a jikinsa. Heinrich Barth ya tarar ana canjin irin wannan kuɗi a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Daga baya sulallan azurfa na faran biyar na Faransa suka bi sahu, su ne suka bar mana kalmar dala a lissafin yau da kullum. Wannan ya isa ya nuna cewa azurfa a 1899 kayan masu hali ce, ta gidan sarauta da ta fatake. Macen ƙauye tagulla da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ta fi sawa, da duwatsun wuya. Su ma duwatsun matafiya ne: tsakiya daga Indiya take tasowa, daga baya Jamus ta shiga yin ta, murjani ta Tarabulus yake biyowa, ƙarau na gilashi kuwa masagan Bida sun shahara da shi. Wuri, wanda masu ɗinkin kayan wasa ke watsawa kamar tsakuwa, daga tekun Indiya yake, kuma a lokacin kuɗi ne da ake sayen hatsi da shi. Wanda ya ɗinka wuri ɗari biyu a riga ya ɗinka dukiya ne, kuma yana da dalili, na tsafi ko na matsayi. Kuros ɗin Agadas kuwa, duk da kyansa da kasancewarsa alamar ƙasa, aikin maƙeran Abzinawa ne, kuma wuyan Bagubiyar Lugu ba wurinsa ba ne.

A nan ya kamata a tuna cewa Arewa ba abu ɗaya ba ce. Marc-Henri Piault, a littafinsa na 1970 kan tarihin Mauri, ya bayyana rabon da ke tsakanin Gubawa, masu ƙasa da tsafi, waɗanda Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji ke wakilta, da Arawa masu sarauta, waɗanda ke danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno. Ƙungiyar da za ta nuna fadar Samna Karhe na Tibiri, mayaƙin ƙarni na 19 da ya haɗa kai da Kabawa, tana da hujjar kawo doki da kayansa, da takobi, da rawani, da matan fada masu nauyin mundaye. (Tibirin da ake nufi ita ce ta jihar Doso, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ba ta Gobir ba.) Ƙungiyar da za ta nuna Lugu kuwa baka da kwari take bukata, da layu da guraye na aikin dukawa, da saƙi na farin zare. In aka ba Lugu kayan fada, an shafe ainihin abin da ya sa labarin ya zama abin mamaki, wato garin manoma da maharba ne ya tsaya a gaban bindigogi.

Sarautar Sarauniya ba ta ƙare da Mangu ba. An ci gaba da naɗa magadanta ta hanyar tarkama, inda ake ɗaukar gawar wadda ta rasu ta nuna wadda za ta gaje ta. Waɗanda suka ziyarci Lugu suka rubuta, ciki har da marubutan littafin Lougou et Saraouniya na 2007, sun kwatanta mace mai fararen tufafi, wadda ke zaune cikin bukkarta ba ta yawo, tana karɓar masu zuwa neman albarka, tana kaɗi. Ƙarfinta a zamanta yake da maganarta, da kuma dutsen Tunguma da ake zuwa nema wa hukunci. Idan haka ne, abin hannun da ya fi dacewa da ƴar wasan da ta fito a Sarauniya shi ne mazari, kuma a gindin mazari akwai gululu, ɗan dunƙulen gasasshen yumɓu mai huda a tsakiya wanda ke ba shi nauyin juyawa. Shi ne mafi ƙanƙantar abin da magina ke yi. A dandali ba a hango shi daga layi na uku, shi ya sa ba ya cin gasa, amma yarinyar da za ta riƙe shi sai ta je ta zauna wurin wata tsohuwa mako biyu kafin zare ya daina tsinke mata, kuma cikin mako biyun nan za ta ji abubuwan da ba su cikin littafin aji.

Masu sana'ar ma suna da nasu matsin. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya tara maƙera da dukawa da masaƙa a harabarsa, haka kuma baje kolin SAFEM na sana'o'in mata da aka soma a 2000 ya buɗe wa wasu kasuwa. Amma kasuwar baƙi abin da baƙo ke so take koya wa hannu: ƙaramin abu, mara nauyi, mai shiga jaka. Babu ɗan yawon buɗe ido da zai sayi munduwar tagulla mai nauyin da ke sa mace ta canja tafiya. Maƙerin da ya san yadda ake zuba ta ba zai koya wa ɗansa ba in babu mai oda, kuma makarantu da ƙungiyoyin al'adu su ne kusan masu odar da suka rage.

Akwai wata hanya mai sauƙi da ya kamata a guje mata, wato neman tsohon abu na ainihi. Abin da ya sami Bura, a yankin Tera, ya isa misali. An gano wurin a 1975, Boubé Gado ya yi haƙa na ilimi a 1983, ya fito da tukwanen binne mamata da mutum-mutumin yumɓu. Da labarin ya kai Turai sai masu haƙar sata suka rufar wa yankin, har a 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Tsohon kufai da ke bayan gari, mai tsingaro a warwatse, ba ma'ajiyar kayan wasa ba ce, munduwar gado kuma in ta fita daga akwatin mai ita zuwa bayan dandali ba kullum take komawa ba. Abin da ake bukata shi ne a nemi izini a auna, a zana, a ɗauki hoto, a rubuta sunan abin da bakin mai shi da sunan wadda ta bar mata, sa'an nan a kai wa maƙeri ko maginiya su yi sabo, a biya su kuɗin aikinsu.

Sai dai a kula da lokaci. Bukukuwan makaranta a watan Yuni suke faɗowa, daidai da saukar ruwan farko, lokacin da maginiya ta rufe ramin gashinta ta koma gona, maƙeri kuma ba ya da hannun da zai ɗaga daga gyaran hauya da kalme. Mai son tulu da mundaye a wasan Yuni, tun cikin sanyin Janairu zai aika, lokacin da kara ya bushe, tafki bai ƙafe ba, kuma tsohuwar tana da sararin da za ta zauna ta tuna yadda uwarta take murɗa bakin randa.